Adafta Ba Ta Rage Wuta

Yau da 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Kanada nake magana, da ku da suke aiko wa tsaraba.

Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 240 ce, haka ma ta Ingila da Faransa. Ta Amurka da Kanada kuwa 120 ce, ta Japan 100. Shi ya sa Hajiya za ta tafi da kaskon turaren wutarta na lantarki daga Kano, ta jona a Amurka, ya ƙi yin zafi. Lafiyarsa ƙalau, Hajiya, wutar ce ta yi masa kaɗan, da ƙyar zai ba da rubu'in zafinsa. Wannan da sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne kayan can a kan wutar nan. Bilenda, kilifa, dutsen guga, na'urar busar da gashi. Ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi da ƙauri, wani lokacin har gobara. Kuma na san halinmu: baƙo bai ko sha ruwa ba, yara sun farke kwali sun nufi soket. Haba jama'a, saurin me ake yi?

Wani zai ce ai ya sa adafta. Malam, adafta bakin fulogi kawai take sauyawa don ya shiga rami. Wutar da ta shige ta, ita ce ta fito.

Juya kayan ka duba rubutun da ke bayansa ko gindinsa. In ka ga 100-240V, kamar yawancin cajar waya da ta kwamfuta, jona abinka ko'ina. In 120V kaɗai ka gani, dakata, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ƙarfinta ya ɗara wat ɗin da aka rubuta a jikin kayan. Ƙarama ba ta ɗaukar dutsen guga, ita ma ƙonewa za ta yi. Akwai kuma zancen 50Hz da 60Hz ga kaya masu inji, irin su firiji, wannan a kai wa mai gyara ya duba. Matambayi dai ba ya ɓata.

Ku kuma masu aikowa, don Allah ku liƙa takarda a jikin kayan, ku rubuta 120 ɓaro-ɓaro. Mu na gida, a sake ji da kyau: adafta ba ta rage wuta. A duba bayan kaya kafin a jona.