Jinya da Aiki a Fim ɗin Mia Madre: Nazari a Kan Ra'ayoyin Masu Kallo



Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a dubi wani fim na ƙasar Italiya mai suna Mia Madre, wato “Mahaifiyata”, a kuma auna ra'ayoyin da masu kallo suka bayyana a kansa. Dalilin zaɓensa shi ne, tambayar da ya ɗauko ta shafi duk wanda yake cin albashi: idan ciwon ajali ya kama mahaifi ko mahaifiya, ga kuma aiki yana jira, ina mutum zai sa kansa? Za a fara da tarihin fim ɗin da labarinsa a taƙaice, sa'an nan a kawo ra'ayoyin, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Fim da Fim Ɗinsa

Nanni Moretti, wanda aka haifa a 1953, shi ne ya shirya fim ɗin, ya kuma fito a cikinsa. Tun a 2001 ya sami babbar lambar Palme d'Or a bikin fina-finai na Cannes ta ƙasar Faransa, da wani fim mai suna La stanza del figlio, wanda ya yi magana a kan iyalin da suka rasa ɗansu. Mahaifiyarsa, Agata Apicella, malamar Latinanci da Girkanci ce a wata makarantar sakandare ta birnin Rum, ta kuma rasu a 2010, lokacin da yake tsakiyar aikin fim ɗin Habemus Papam. Daga wannan rashi ne Mia Madre ya tsiro, aka fara nuna shi a Italiya cikin watan Afrilu na 2015.

Tauraruwar labarin ita ce Margherita, daraktar fim, wadda Margherita Buy ta fito a matsayinta. Tana cikin ɗaukar fim a kan ma'aikatan wata masana'anta da ke fafutukar hana a sallame su daga aiki, sai ciwon mahaifiyarta Ada, tsohuwar malamar Latinanci, ya tsananta. Ɗan'uwanta Giovanni, wanda Moretti da kansa ya fito a matsayinsa, injiniya ne. Ya ɗauki hutu don jinya, daga baya ma ya ajiye aikin ɗungurungum. A wurin aiki kuwa ga Barry Huggins, ɗan wasan da aka ɗauko daga Amurka, wanda John Turturro ya wakilta, mutum mai cika baki da yawan manta kalmomin da aka ba shi. A gida ga 'yarta Livia tana fama da darasin Latinanci. A tsakanin waɗannan wurare uku Margherita take kai da kawowa har ranar da Ada ta cika.

Karɓuwar Fim Ɗin

Ko a wurin masana ma ba a yi baki ɗaya ba. A Cannes a 2015 alƙalan babbar gasa ba su ba shi kome ba, Dheepan na Jacques Audiard ne ya ɗauki Palme d'Or, amma kwamitin alƙalai na ɗarikun Kirista ya ba shi tasa lambar. A Italiya, a gasar David di Donatello, Margherita Buy da Giulia Lazzarini, wadda ta fito a matsayin Ada, kowace ta sami lambar ƙwarewa, amma lambar gwarzon fim ta tafi ga Anime nere. Mujallar Cahiers du Cinéma ta Faransa kuwa ta sa shi na ɗaya a cikin fina-finan wannan shekara. Idan haka abin yake a wurin masana, ba abin mamaki ba ne a ga masu kallo sun rarrabu. Ana iya kasa ra'ayoyinsu gida uku.

Ra'ayi na Farko: Masu Cewa Gaskiya Ya Faɗa

Kashi na farko su ne waɗanda fim ɗin ya taɓa zuciyarsu, kuma galibi sukan danganta abin da jinyar da su kansu suka taɓa yi. Abin da suke yabawa shi ne ƙananan abubuwa. Alal misali, Margherita ta sayo wa uwar abinci a kanti, ta iso asibiti ta tarar Giovanni ya kawo wanda ya dafa da hannunsa, sai ta ɓoye nata don kunya. A wani wurin kuma wani mai tallar kamfanin lantarki ya nemi ta nuna masa takardar kuɗin wuta ta gidan uwar, ta bincika ko'ina ba ta gani ba, sai kuka ya ƙwace mata a gaban baƙo. Har ila yau akwai inda ta matsa wa Ada ta yi 'yan taku kaɗan zuwa makewayi, tana yi mata tsawa, alhali tsoro ne yake cin ta. Masu wannan ra'ayi suna ganin haka baƙin ciki yake zuwa, ta inda ba a zata ba. Jiki magayi, wanda ya kwana a kujerar asibiti ba ya bukatar a fassara masa waɗannan wurare.

Ra'ayi na Biyu: Masu Ƙorafi a Kan Zubi da Tsari

Kashi na biyu ƙorafinsu iri biyu ne. Na ɗaya, suna ganin barkwancin Barry bai dace da labarin mutuwa ba, kamar an haɗa fim biyu ne a kwano ɗaya. Na biyu, Moretti yana cuɗa mafarki da tunanin baya da abin da ke faruwa a zahiri ba tare da wata alama ba, har mai kallo ya rasa inda yake. Misali shi ne wurin da Margherita take bin wani dogon layin mutane a ƙofar gidan silima tana cin karo da 'yan'uwanta, har da ita kanta tana budurwa.

Wannan ƙorafi yana da tushe, domin akwai wuraren da ihun Barry ya yi tsawo. Amma idan aka lura, hayaniyar nan ita ce aikin da yake hana Margherita zama kusa da uwarta, saboda haka gajiyar da mai kallo yake ji ita ce gajiyar da ita ma take ji. Bugu da ƙari, an nuna daga baya cewa Barry yana yawo da hotunan abokan aikinsa don ba ya iya riƙe fuskoki, wato shi ma yana da nasa raunin da yake rufewa da cika baki. Game da mafarki kuwa, mai jinya wanda ba ya samun barci dare da rana sukan cuɗe masa, tsarin fim ɗin ya bi halin da tauraruwar take ciki ne.

Ra'ayi na Uku: Masu Hukunta Margherita

Kashi na uku ba su damu da tsari ba, halin mutanen suka duba, kuma a nan ne muhawarar ta fi zafi. Wasu suna ganin Giovanni shi ne ɗa na gari, Margherita kuwa mai son kai ce, tunda ta zaɓi ta tauna taura biyu. Fim ɗin kansa bai wanke ta ba: saurayin da ta rabu da shi ya gaya mata a fili cewa zama da ita yana da wuya, ɗan'uwanta kuma bai musa ba. Ta kuma gano cewa sirrin soyayyar 'yarta kakar ce ta san shi, ita ba ta da labari.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a sa a ma'auni. Na farko, aikin Margherita ba irin wanda ake ajiyewa a ɗauka ba ne, domin ma'aikata da yawa abincinsu yana rataye da ita, ranar da ba ta zo ba kowa ya tsaya. Na biyu, lokacin da Giovanni ya je ajiye aiki, an gargaɗe shi cewa a shekarunsa samun wani zai yi wuya, ya ce ya sani. Fim ɗin ya nuna shi a gajiye, bai nuna cewa ya tsira ba. Abin lura kuma shi ne, Moretti ya ɗora nasa halin a kan Margherita, ya ba kansa matsayin ɗan'uwan da ya yi abin da ake yabo. Ana iya fahimtar wannan a matsayin hukuncin da mutum ya yanke wa kansa bayan rasuwar uwarsa.

Amsar da ta fi ƙarfi tana wurin Ada. Da aka mayar da ita gida, tana kan gadon ajali tana koya wa jikarta nahawun Latinanci. Bayan rasuwarta kuma an ji daga bakin tsofaffin ɗalibanta cewa ta zame musu uwa, suna ziyartarta shekara da shekaru. A wurin wannan mata aiki da zumunci abu ɗaya suka zama, kuma 'ya'yanta ba su san girman abin ba sai da ta tafi.

Kammalawa

Abin da wannan nazari ya nuna shi ne, saɓanin masu kallo ya samo asali ne daga abin da kowa ya shiga da shi gidan silima. Wanda ya yi jinya ya ga kansa, mai neman labari miƙaƙƙe ya ga cikas, mai auna hali ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ga ɗalibin adabi darasin shi ne, kafin ya soki tsarin wani aiki, ya fara tambayar ko tsarin yana yi wa jigo hidima. Ga ma'aikaci kuwa, fim ɗin bai ce a bar aiki ba, bai kuma ce a riƙe shi ba. Ya nuna farashin kowane zaɓi, ya kuma nuna cewa lokacin sanin iyaye shi ne tun suna da rai. A ƙarshen fim ɗin Margherita ta tambayi uwarta abin da take tunani, Ada ta amsa cewa gobe take tunani, a nan aka rufe.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri.