Na'ura Mai Zuƙe Ruwan Gyambo: Amfaninta Da Haɗarinta

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa manoma da matan gida a Rimin Gado, a kan gyambo da wata sabuwar hanyar maganinsa. Ga shi kamar yadda aka gabatar da shi.



Gyambo ba baƙo ba ne a ƙasar Rimin Gado. Daga Gulu zuwa Zango, daga Karofin Yashi zuwa Yalwan Ɗanziyal, kowa ya san wani da ya taɓa fama da shi. Mafarinsa ƙaramin abu ne. Fartanya ta sari manomi a ƙafa. Ko kututturen dawa ya soke shi bayan girbi. Ko salansar babur ta ƙone yaro a ƙwauri. Sai a zuba toka ko baƙin mai, a ɗaure da tsumma, a koma gona.

Bayan 'yan makonni sai ciwon ya buɗe baki. Yana ruwa, yana wari, ƙuda na bi. Damina ta zo ta wuce, maigida yana kwance. Gona ta tafi, kuɗi sun tafi, wani lokaci har ƙafar ma ta tafi.

Akwai mutanen da mikinsu ya fi wuyar warkewa. Su ne masu ciwon sukari, da masu amosanin jini, wato sikila, da masu kuturta, da marasa lafiyar da suka daɗe a kwance har bayansu ya saɓule. Irin waɗannan manyan ciwuka ne suka sa likitoci suka ƙirƙiro na'ura mai zuƙe ruwan ciwo.

YADDA TAKE AIKI

Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho zai gane aikin wannan na'ura. Wanzami yakan ɗora ƙaho a jiki, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya toshe ɗan ramin. Sai ƙahon ya kama fata yana ja. Ita ma na'urar da zuƙa take aiki. Amma nata jan a hankali ne, a aune yake, kuma dare da rana ne.

Da farko likita zai wanke ciwon, ya yanke duk naman da ya mutu. Sai ya yanko wani soso na musamman mai tsabta, daidai faɗin ciwon, ya sa a ciki. Sai ya rufe da wata leda mai mannewa, yadda iska ba za ta shiga ba. Daga ledar akwai siririn tiyo, kamar na ƙarin ruwa, wanda ya tafi zuwa ga na'urar. Da an kunna, sai soson ya motse, ruwan ciwo ya riƙa bin tiyon yana taruwa a cikin wani ɗan mazubi.

Wannan zuƙa tana yin amfani huɗu:

1. Tana kwashe ruwan ciwo da mugunya.
2. Tana rage kumburi.
3. Tana jawo bakin ciwon ya matso da juna.
4. Tana taimaka wa sabon jan nama ya tsiro ya cike ramin.

Akan canja soson bayan kwana 2 ko 3. Ke nan an rage wahalar wankin ciwo na kullum.

DAGA INA TA FITO?

Wani likita a Jamus mai suna Wilhelm Fleischmann ya ba da bayanin irin wannan magani a shekarar 1993. A Amurka kuma, Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest suka yi ta gwaji, suka bayyana sakamakonsu a 1997.

Na'urorin farko manya ne, sai a gefen gadon asibiti. Daga baya aka yi ƙanana masu batir, waɗanda majinyaci zai rataya a kafaɗa ya koma gida. A 2011 wani kamfanin Ingila ya fito da wata mai suna PICO. Tana shiga aljihun riga. Tana aiki da ƙananan batura 2. Ba ta da mazubi, bandejin ne yake shanye ruwan. Bayan kwana 7 sai a jefar da ita. Irin wannan ta ƙananan ciwuka ce, waɗanda ba sa ruwa da yawa.

Akwai kuma waɗanda ba sa bukatar lantarki ko batir. Wata injiniya a Amurka, Danielle Zurovcik, ta ƙera wata mai araha da ake matsawa da hannu. An yi amfani da ita a ƙasar Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. A Nijeriya ma, likitoci a wasu manyan asibitoci sukan haɗa tasu da injin zuƙa na asibiti, saboda ta kamfani tana da tsada ƙwarai.

TANA WARKAR DA KOWA?

A'a. A 2005 an bayyana wani gwaji da aka yi a Amurka a kan masu ciwon sukari 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa. An raba su kashi biyu. Kashi ɗaya an sa musu na'urar, ɗaya kashin kuma an yi musu wankin ciwo da aka saba. A cikin mako 16, idan aka auna a kan mutum 100, masu na'ura 56 ne suka warke. A ɗaya kashin kuma 39 ne suka warke. Wato na'urar ta taimaka. Amma ko da ita, kusan rabi ba su warke a wannan lokacin ba.

Kuma ba a kan kowane ciwo ake sa ta ba. Ba a sa ta:

1. Idan akwai baƙin naman da ya mutu, ba a yanke shi ba.
2. Idan cuta ta shiga ƙashi, ba a yi maganinta ba.
3. Idan jijiyar jini tana fili a cikin ciwon.
4. Idan ciwon na daji ne, wato sankara. Gyambon da ya yi shekaru yana iya rikiɗa ya zama sankara.

Likita ne kaɗai zai iya bambance waɗannan. Ido bai isa ba. Wani lokaci sai an ɗauki hoton ƙashi, ko an gwada ɗan naman ciwon.

IDAN AN SALLAMO MAJINYACI DA ITA

Nan ne aiki yake komawa hannun mutanen gida. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2011. Ta ce daga 2007 ta sami rahoton mutuwar mutum 12 da jikkatar 174 ta dalilin irin waɗannan na'urori. Babban haɗarin shi ne zubar jini, sai kuma ruɓewar ciwo idan an manta guntun soso a ciki. To, mai jinya ya kiyaye waɗannan:

1. Idan aka ga jan jini yana bin tiyo, a kashe na'urar, a danne wurin da hannu, a garzaya asibiti. Kada a jira gari ya waye.
2. Kada na'urar ta zauna a kashe fiye da awa 2 alhali soso yana cikin ciwo. Idan batir ya mutu babu halin caji, a nemi ma'aikacin lafiya ya cire soson.
3. Idan ledar ta ɗaga, iska na shiga, zuƙar ta daina aiki. A sanar da ma'aikacin lafiya.
4. Zazzaɓi, ko ƙaruwar wari, ko kumburi, ko tsananin zogi, duk alamun haɗari ne.
5. A gaya wa likita idan majinyaci yana shan maganin tsinka jini.
6. A sami takarda a rubuta ranar da aka sa soso, da guda nawa aka sa, da ranar komawa asibiti.

Kada wani ya ce tun da aikinta irin na ƙaho ne, bari a kira wanzami ya ɗora ƙaho a kan gyambo. Kada kuma a yanko soson katifa a tura cikin ciwo. Wannan zai ƙara cuta ne kawai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

ABIN DA YA FI SAUƘI

Na'urar nan ta ciwon da ya riga ya yi nisa ce. Abin da kowane gida zai iya yi shi ne hana ciwo kaiwa can. Sabon rauni, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da bandeji ko ƙyalle wankakke. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin kafso. A je asibiti mafi kusa a tambayi allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Manomi ya sa takalmi idan zai shiga gona. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa kullum, domin ƙaya tana iya soke shi bai ji ba. Shi kam ko ɗan ƙaramin rauni ne, kada ya kwana biyu bai nuna wa ma'aikacin lafiya ba. Majinyacin da ke kwance a riƙa juya shi bayan kowace awa 2. A ba shi wake da gyaɗa da ƙwai da nono da zogale, domin da abinci jiki yake gina sabon nama.

Duk ciwon da ya yi mako 2 bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti. Idan ya fi ƙarfinsu, za su rubuta takarda zuwa Kano, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala. Likitocin can ne za su duba su faɗi maganin da ya dace, ko da na'ura ko ba da ita ba. Kuɗin mota daga Rimin Gado zuwa Kano bai kai kuɗin ƙafa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri.