Littattafan Da Suka Tuhumi Likitocin Hankali, Da Maganar Kuɗi



Maganar yau ta shafi wasu littattafai ne da suka tuhumi aikin likitocin taɓin hankali, da kuma abin da ya haɗa su da aljihun mutumin da ke neman abinci a Ikko ko Badun, alhali ƙanensa na fama a Maiduguri.

A 1961 wani likita a Amurka, Thomas Szasz, ya wallafa The Myth of Mental Illness. Cewa ya yi taɓin hankali ba cuta ba ce irin ta hanta ko huhu, suna ne da ake laƙaba wa wanda zamansa ya dami jama'a don a sami hujjar kulle shi. Ya zarce gona da iri, kuma duk wanda ya taɓa kwana riƙe da ɗan'uwa yana fizge-fizge ba zai bi shi har can ba. Amma tambayarsa tana nan daram: wa ke da ikon tsare mutum, kuma don amfanin wa?

Amsar da ta fi kusa da gida tana cikin Imperial Bedlam na Jonathan Sadowsky, wanda ya fito a 1999. Ya bi takardun gidan mahaukata na Yaba, wanda Turawan mulki suka buɗe a 1907 a wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Abin da ya tarar shi ne cunkoso da tsaro, magani kuwa ɗan kaɗan, domin gwamnatin ba ta son kashe kuɗi. Da yawa cikin jama'ar nan suna wucewa ta Yaba kullum ba su san wannan tarihi ba. Sai a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya kawo wata dabara a Aro, kusa da Abekuta: majiyyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da danginsa, da rana ya je asibiti, aka kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin.

To, a dawo Maiduguri. Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, garin ya cika da waɗanda suka ga an kashe nasu a gabansu, da matan da barci ya ƙaurace wa, da samarin da ƙwaya ta cinye. Akwai asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya a hanyar Baga. Sai dai wannan jinya ba ta kwana bakwai ba ce. Magani kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma iyali ne ke saye.

Nan ne gwagwarmayar take. Mai gadi a Apapa ko mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya karɓi saƙo daga gida, ga kuɗin haya, ga na makarantar yara. Zuciya sai ta raya masa cewa ai aikin iska ne, asibiti ba ya maganinsa. Wani da gaske ya yarda da hakan, wani kuwa ya yarda ne don ya fi araha, kuma shi kansa ya sani. Daga nan sai mari, domin sarƙa sau ɗaya ake saye. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a Nijeriya a gidajen masu magani, da wuraren addini, har ma da wasu cibiyoyin gwamnati.

Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ta tafi. A Janairun 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta tanadi haƙƙin majiyyaci. Ƙarshen wata kuwa, mai saye a kantin magani na Yerwa yana jiran abin da za a turo ne daga Ikko.