AMSAR WASIƘUNKU: Ina Baƙo Zai Ci Abinci a Kaduna?

   

A wannan mako wasiƙu biyu muka ware, domin duk a kan abu guda suke magana, watau cin abincin saye a birni. Ta farko daga mai ci ta fito, ta biyu kuwa daga mai dafawa.

Wasiƙar farko wani dattijo ne manomi ya aiko mana daga yankin Pambeguwa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ya ce duk bayan kaka yakan kawo masara da wake Kaduna. Motarsu kan yada zango a Katabu, nan Mararrabar Jos, kafin su wuce Rigacikun su shiga Kawo. Shi dai tun da yake bai taɓa zama a gidan abinci ba, don a ganinsa abin kunya ne a ga magidanci mai 'ya'ya da jikoki a kan benci yana cin tuwon saye. Saboda haka sai ya wuni da goro da ruwa. Ran nan yunwa ta ci ƙarfinsa, da dare ya tsayar da wata mai talla da ke shirin tashi, ya sayi ragowar shinkafa da wake, ya zaga bayan mota ya ci cikin duhu don kada a gan shi. Kafin asuba ciki ya ɓaci. Kwana uku ya yi a gadon asibiti, ribar tafiyar duk ta ƙare wajen ƙarin ruwa da magani. Tambayarsa ita ce, shin da aibu mutum kamarsa ya ci abinci a waje? In kuwa babu, yaya baƙo zai gane wurin kirki?

To Baba, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar maka da abin da ka rasa. Amma ka gafarce ni in faɗa maka gaskiya: kunyar nan ita ta kai ka asibiti. Da ka zauna da rana tsaka a inda tukunya ke tafasa, kowa na ganinka kai ma kana ganin abin da ake zuba maka, da wuya haka ta faru.

Na san inda kunyar ta samo asali. A ƙauye kowa gidansa yake ci, a fito da kwanuka ƙofar gida a haɗu. Baƙo kuma mai masaukinsa ke ciyar da shi, kamar yadda fatake a da suke sauka wurin fatoma. Wanda aka gani yana sayen tuwo, sai a ce ko gwauro ne, ko ba a zaman lafiya a gidansa. To Kaduna ba haka take ba. Gari ne na baƙi tun asalinsa. A 1917 aka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru, garin ya cika da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman ofis da leburori, da yawansu sun baro iyali a gida. Wa zai dafa musu? Ka ga ke nan sayar da abinci tare suka taso da garin. Yau in ka leƙa rumfar abinci a Kawo ko Tudun Wada, za ka tarar da direba da malamin makaranta da dillali da alhaji mai shago, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya damu da wani. Ko a cikin Suratul Kahfi an ba mu labarin bayin Allah da suka farka cikin kogo, suka aiki ɗayansu birni da kuɗi ya sayo musu abinci, suka kuma ce ya duba wanda ya fi tsarki. Ashe saye ba aibu ba ne. Dubawar ce aikinka. Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai yunwa ba ya iya ciniki, gaggawa yake a sallame shi ko da an taya kayansa da arha.

Yanzu bari in zaga da kai, domin kowane abinci da lokacinsa. Da sassafe, a bakin tasha ko kusa da masallaci, za ka samu masu koko da ƙosai, da masu waina da miyar taushe, da teburin mai shayi. Wannan duk a gabanka ake soyawa ko a dama, shi ya sa ya fi kwanciyar hankali. Daga hantsi zuwa azahar lokacin shinkafa da wake ne da mai da yaji, wanda yara ke kira garau-garau, da ɗanwake, da dambu, da taliya, da fate. Daga azahar zuwa bayan isha'i sai tuwo, na shinkafa ko na masara, da miyar kuka ko kuɓewa ko zogale. Da yake Kaduna gari ne na kowa da kowa, za ka ga sakwara da teba da amala da miyar agushi a rumfunan 'yan'uwanmu na kudu. Da magariba kuma masu tsire da balangu da farfesu ke hura wuta. Irin waɗannan wurare ba sa wuyar samu: Katabu inda manyan motoci ke kwana, tashar Kawo da ta Mando, kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, Kasuwar Barci, Panteka, Zangon shanu na Tudun Wada, da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Masu jinya kuma, a bakin manyan asibitoci ba a rasa masu abinci.

To yaya za ka zaɓa? Ka riƙe abubuwa biyar, ka ƙirga su da yatsun hannunka.

Na ɗaya, bi jama'a. Rumfar da ka ga direbobi da 'yan dako da masu shaguna na wurin sun cika, nan za ka zauna. Su kullum suke ci, wadda ta ɓata musu ciki sau ɗaya ba sa komawa. Ga shi kuma inda ake rububi abinci ba ya jimawa a tukunya. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka tambayi ɗan kamasho ko dillalinka inda shi yake ci.

Na biyu, ci da zafinsa. Masana lafiya sun ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ya huce, ba zafi ba sanyi, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye haka nan ba. Shinkafa ta fi kowa wannan hali. In ta jima a ajiye, akwai ƙwayar cutar da ke zuba dafi a cikinta, wanda ko an yi ɗumame ba ya mutuwa. Abin da ya same ka ke nan, Baba, bisa ga dukkan alamu. In ka ga ba tururi, ka ce a bar shi. Tsire ma ka sa a mayar maka da shi kan wuta.

Na uku, dubi ruwa. Wannan shi ne babba. Kada ka tsoma hannu cikin kwanon da mutum goma suka riga ka wankewa. Nemi buta da sabulu a zuba maka. Leƙa inda ake wanke kwanuka: in ruwan ya yi kauri ya zama kamar miya, ka san sauran. Na sha kuma, ka sayi na leda ko na gora wanda bakinsa ke rufe, mai lambar hukumar NAFDAC. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙara da fura, daɗinsu ba magana, amma ba a dafa ruwan da ake haɗa su da shi a gabanka. Haka ma latas da kabeji da ɗanyen tumatir da ake yaryaɗawa a kan shinkafa. Da damina musamman, ka yi hattara da su. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, mafi yawa a jihohinmu na Arewa. Ta gurɓataccen ruwa da abinci cutar ke shiga, ita da zazzaɓin taifot.

Na huɗu, dubi wurin da mai wurin. Abinci a rufe yake ko ƙuda na biki a kai? Rumfar tana bakin kwata ko juji? Hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗaukar nama? Dattawa za su tuna zamanin duba-gari, da ake leƙa har cikin randa. To yau kai ne duba-garin cikinka.

Na biyar, tambayi kuɗi kafin a zuba. A gidan abinci komai da farashinsa: malmala daban, nama kowane yanka daban, ruwa daban. In aka ce "a sa nama nawa?" ba kyauta ake maka ba. Faɗi abin da ke aljihunka, ka ce a zuba maka na kaza, ba wanda zai yi maka dariya. Ba zan faɗi farashi a nan ba, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abinci bai zauna wuri guda ba. Wani abu kuma, kada ka zaro damin kuɗin cinikinka a gaban jama'a don biyan kwano ɗaya. Ware canji a aljihun gaba tun kafin ka zauna. Masu abinci da dama yanzu suna karɓar kuɗi ta waya, amma tambaya tukuna.

In kuma ƙaddara ta faɗa, gudawa ta kama mutum a hanya, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A nemi garin gishiri da sukari na kemis a haɗa yadda aka rubuta. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita 1, watau ledar ruwa biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a yi ta kurɓa. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ga amai ba tsayawa, ko da jini, to a nufi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah mai sayar da tuwo a Katabu. Ta ce mijinta ya rasu, da wannan sana'a take riƙe da marayu. Kukanta shi ne kullum a rediyo masu abinci ake zargi da ƙazanta da tsada, ba mai faɗin wahalarsu. Tun kafin kiran assalatu take tashi, ga tsadar itace da gawayi, ga ruwa sai ta saya wurin 'yan garuwa, ga masu ci bashi su hau mota su tafi. Ta ce akwai ranar da ta sayi wake a kasuwa, tana buɗe buhun warin magani ya buge ta, dole ta zubar.

Hajiya, gaskiyarki, kuma Allah ya yi wa sana'arki albarka, ya raya marayun nan. Wanda ya ciyar da matafiyi ba ƙaramin aiki ya yi ba, ko da kuɗi ya karɓa. Shawarata gare ki guda uku ce. Ki riƙa dafawa kashi-kashi gwargwadon masu zuwa, maimakon tukunya guda tun safe har dare. Ki ajiye buta da sabulu a inda kowa zai gani, ki yawaita sauya ruwan wanke-wanke. Wannan talla ce da ta fi kiran mai wucewa. Kayan abinci kuma a rufe su da dare saboda ɓera, don ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa ke kama mutane. Ku kuma masu cin bashi, ku ji tsoron Allah. Kwanon da kuka raina, shi ne kuɗin makarantar wani yaro.

Maganar waken nan kuwa, ku manoma da 'yan kasuwar hatsi, taku ce. Abincin da ake ci a Kaduna ai daga hannunku ya fito. Masarar Saminaka da Lere da Soba, tumatir da attaruhun fadamunku, su ne a tukwanen nan. Wanda ya zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin wake don kada ya yi ƙwari, ya sani wani ne zai ci, wataƙila ma shi da kansa ranar da ya shigo birni. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Ga buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Ku tambayi malamin gona. Bugu da ƙari, mai abinci abokiyar ciniki ce. In ta san wakenka mai tsabta ne, kai za ta riƙa jira kowace tafiya, ka sayar ba tare da la'ada ba. Ka ga Baba, zaman bencin nan da kake gudu, yana iya zama shi ne kasuwarka.

To jama'a, nan za mu dakata saboda lokaci. Baba na Pambeguwa, in ka sake zuwa, ka sauka a Katabu da rana, ka wanke hannu, ka yi bisimilla, ka ci tuwonka da zafi a gaban kowa. Muna jiran wasiƙarka ka ba mu labari. Sauran waɗanda ba mu kai ga nasu ba, ku yi haƙuri, suna nan a ajiye. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya, wassalamu alaikum.