Idan wayar haƙori ta karye

Jawabin kiwon lafiya don cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi

Maganar yau a kan wayar ƙarfe ce, wadda lokotoro ke ɗaura wa mutum a haƙora. Wani zai ce wannan zancen ƴan birni ne. A'a. Babur ya shiga kowane ƙauye. Ranar kasuwa kabu-kabu na ɗaukar mutum biyu da buhu a cikin rairayi. Ga amalanken shanu, ga harbin jaki da doki. Wanda ya faɗi a kan haɓa, muƙamuƙinsa na iya karyewa. Irin wannan karaya ba ta ɗoruwa da kara da tsumma kamar ta hannu. Da waya ake ɗaure ta.

Wayar baki iri 2 ce. Kada a haɗa su.

Ta fari ita ce ta karaya. Lokotoro na ɗaura sandar ƙarfe siririya a haƙoran sama, wata a na ƙasa. Sannan ya haɗa sama da ƙasa da ƴan robobi ko da waya, bakin ya rufe. Haƙora su ne ke riƙe ƙashin har ya haɗe. Yawanci sati 4 zuwa 6 ake yi.

Ta biyu ita ce ta daidaita haƙoran da suka fito a karkace, ko suka hau juna. Ana manna wa kowane haƙori ɗan maɓallin ƙarfe, a zura waya a cikinsu. Wayar na jan haƙoran sannu sannu. Wannan aiki na ɗaukar shekara 1 zuwa 2, wani lokaci ya fi haka. An fi ganin ta a bakin ƴan makaranta da ke zuwa hutu daga manyan birane. Dabarar tsohuwa ce: tun a 1728 wani likitan haƙori na Faransa, Pierre Fauchard, ya rubuta yadda ake jan haƙori da ƙarfe da zare.

To, a ɗauki misali. Saurayi ne daga Kanambakashe. Ya faɗi da babur, an kai shi asibitin Mayahi, aka tura shi Maraɗi. An ɗaure masa muƙamuƙi, ya dawo gida. Bayan kwana 10 bakin waya ɗaya ya miƙe, yana sukar kuncinsa ta ciki. Ba ya barci. Maraɗi na da nisa, kuɗin mota sai an nema. Sai abokinsa ya ce: mu je wurin maƙeri, da awartaki zai fizge ta yanzu yanzu.

Nan ne ɓarna take farawa. Wayoyin suna riƙe da juna. Idan aka ja guda, sauran su saki. Ƙashin da ya fara haɗewa sai ya goce, ya haɗe a karkace. Mutum ya warke amma haƙoran sama ba su hawa kan na ƙasa. Tuwo ma sai da wahala, balle nama. Gyaran wannan kuwa sai da aikin tiyata, kuma kuɗinsa ya ninka kuɗin motar da aka ji tsoro. Maƙeri gwani ne a kan hauya da gatari. Wanzami da mai ɗori su ma kowa da fanninsa. Amma wannan ɗauri, wanda ya yi shi, shi ke kwance shi.

Abin da za a yi a gida ga shi, kuma ba ya cin kuɗi.

A wanke hannu da sabulu. A fita waje inda akwai haske, a duba wurin da wayar ke suka. A samo kakin zuma mai tsabta, kamar ƙwayar wake. A murza shi da yatsu har ya yi laushi. A goge bakin wayar da auduga ko ƙyalle mai tsabta ya bushe, don kaki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Sai a danna kakin ya rufe tsinin. Idan ya faɗi, a sa wani. Idan an haɗiye shi, babu komi. Kada a sa ƙaro, ko cingam, ko roba da aka narka.

Idan kunci ya riga ya yi miki, a tafasa ruwa, a bari ya huce ya zama mai ɗumi. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda. A kurkure baki da shi sau 3 ko 4 a yini, a tofar. In zafi ya yi yawa, a nemi parasetamol a gidan likita na kusa, malamin asibiti ya faɗi adadin da za a sha. Bayan haka a shirya tafiya, a tafi da takardar asibiti, wato karne. Kaki rufi ne kawai, ba gyara ba ne.

Akwai abu guda da duk ƴan gidan mai karaya ya kamata su sani: amai. Bakinsa a rufe yake. In amai ya taso, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai, ko a kwantar da shi a gefe, ruwan ya fita ta tsakanin haƙora. Idan ya shaƙe, numfashi ya gagara, to a yanke robobin ko wayoyin da suka haɗa sama da ƙasa, bakin ya buɗe. Su kaɗai za a yanke, ba sandunan da ke jikin haƙora ba. Sannan a kai shi asibiti a ranar. Saboda haka tun kafin a baro asibiti, ɗan rakiya ya ce a nuna masa inda ake yankewa. Almakashin ya zauna kusa da shimfiɗar majinyaci dare da rana.

Wayar daidaita haƙora ta fi sauƙi. In ɗan maɓalli ya ɓalle amma yana rataye a jikin waya, a bar shi, a rufe shi da kaki. In ya fito gaba ɗaya, a ƙulle shi a takarda a kai wa lokotoro. In siririyar waya ce ta miƙe, ana iya lanƙwasa ta a hankali da bayan ƙaramin cokali ta kwanta a jikin haƙori. Yaron da ya haɗiye maɓalli, yawanci zai fita a bayan gida. Amma in ya kama tari, ko numfashinsa na ƙara, ƙarfen ya bi hanyar iska ne. Wannan ba a kwana da shi. Kuma kada yaro ya ɓoye karyewar har hutu ya ƙare, don haƙoran na komawa inda suka fito. A buga wa wanda ya sa wayar tarho, ya faɗi ranar zuwa.

Me ke karya waya? Abinci mai tauri. Rake, goro, aya, goruba, ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa, busasshen dabino, tauna ƙashi, da buɗe kwalba da haƙori. Mai wayar daidaitawa ya ci tuwo, shinkafa, wake da ya dahu, nama a yanka ƙanana. Mai karaya kuwa sai abin sha: kunu, koko, fura da nono a dama ta ruwa-ruwa a tace, romon nama, miya da aka tace. A ba shi sau 5 ko 6 a yini, don irin waɗannan majinyata na ramewa da sauri. Uwar gida ta ƙara ɗan man gyaɗa ko madara a kunun. Bayan kowane ci a kurkure baki. A goge haƙora da buroshi mai laushi, a hankali. Asuwaki mai tauri na iya ture ƙarfen.

Akwai alamun da ba a jiran ranar kasuwa ko ranar da aka rubuta a karne. Kunci ko ƙasan haɓa ya kumbura. Zazzaɓi. Ruwan mugunya ko wari daga baki. Jini ya ƙi tsayawa. Haɗiyar miyau ta gagara. Ko majinyaci ya ji muƙamuƙinsa na motsi. Mutanen Urafan, Korgom, Maijirgi da Hawandawaki su nufi asibitin Tasawa. Na Isawan, Sarkin Hausa da Kanambakashe su nufi na Mayahi. In aikin ya fi ƙarfin wurin, za a ba su takarda zuwa babban asibiti. Tasawa na kan babbar hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, mota ba ta yankewa.

Malamin cibiya ya sa ɗalibai su rubuta waɗannan alamu 6 a littafinsu. Mai tambaya ya ba malami, a kai wa malamin asibiti na gidan likita mafi kusa.