Kafin Ki Ba Kafinta Kuɗin Tebur



An ce in yi muku magana a kan teburin sayar da abinci. Na ga wasu sun fara murmushi. To ku yi dariyarku, ni ma a da in aka ce mini akwai abin koyo a tebur, cewa zan yi mutum ya nemi aikin yi. Amma na daɗe ina sayar da tuwo da shinkafa da wake a bakin tasha, kuma a duk wahalar sana'ar nan babu abin da ya sa ni hawaye sai tebur.

Ga yadda aka yi. Da farko a tabarma masu cin abincina ke zama, direbobi kuwa da fasinjoji masu fararen kaya sai su wuce ni su tafi inda akwai benci. Sai na nemi bashi a asusunmu, na wata uku, na ce zan yi tebur biyu da benci huɗu. Lokacin ƙarshen damina ne, an fara yankan gero. Na sami wani kafinta da ya faɗi kuɗi ƙasa da na kowa, na ba shi kafin alƙalami, ban tambaye shi ko wane katako zai sa ba. Kwana biyar ya kawo kaya suna ƙyalli, ya shafe su da banish. Har guɗa aka yi mini a gida.

Hunturu na shigowa sai na fara jin teburin yana ƙara da dare, ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Kafin sati uku falankan sun rabu da juna, har ɗan yatsana yana shiga tsakaninsu. Ɗaya ya lanƙwashe kamar kasko, in ka ajiye kwano sai ya riƙa rawa. Miyar kuka ta shige cikin tsagar, shinkafa ta maƙale, na sa tsinke na sa wuƙa, ba ta fita duka. Ƙuda ya samu gida, da dare kyankyaso. Ranar wata kasuwa kwanon miya ya kife a kan babbar rigar wani dattijo, bai ce mini komai ba, ya biya kuɗinsa ya tashi, kuma ban sake ganinsa ba. A satin nan duba-gari ya zo ya leƙa tsagar da tocila, ya ce in ban canja ba zai hana ni sayarwa. A satin nan kuma wata ukun bashina suka cika. Na tsaya a gaban akwati, a gaban 'yan'uwana mata, ina biyan kuɗin abin da ya riga ya zama itacen wuta.

Na koma wurin kafintan, ya ce ai Hajiya sanyi ne, haka katako yake yi. Wani tsohon kafinta da ke cin tuwo a wurina shi ya zaunar da ni. Ya ce, "'Yata, ba sanyi ya cuce ki ba, ɗanyen katako aka yi miki aiki da shi." Na ce, "Baba, katako ma yana da ɗanye?" Ya yi dariya ya ce in kawo masa ƙarin miya zai faɗa mini. Yawancin abin da za ku ji yanzu daga bakinsa na fara jin sa, sauran kuma na gwada da hannuna.

Itace ruwa ne cike da jikinsa. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a arewa daga dazuzzukan kudu ake lodo shi, irin su Ondo da Edo da wajen Sapele, wani kuma daga Taraba, ya sauka a manyan kasuwanni kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga nan ya bazu ƙauyuka. Can ƙasar ruwa ce, sau da yawa ana tsaga gungumen a loda shi mota bai sha iska ba. In ya zo nan ya haɗu da iskar hunturu, wadda ke tsaga mana leɓe da dunduniya, sai ruwan ya fita, katakon ya tsuke. Kuma ku lura, ba a tsawo yake tsukewa ba, a faɗi ne. Shi ya sa tebur ba ya gajarta, sai dai falankansa su buɗe baki.

Saboda haka tambayar farko ita ce ko katakon ya bushe. Sunansa tambaya ta biyu ce. Busasshen katako mai arha ya fi ɗanyen madaci amfani a kan tebur.

Yaya za ki gane? Ɗaga shi. Ɗanye ya fi busasshe irinsa nauyi nesa ba kusa ba. Ɗora bayan hannunki a kai, ɗanye yana da sanyi-sanyi kamar gefen randa. Ƙwanƙwasa shi, busasshe yana amsawa rau, ɗanye kuwa dum. In ana yanka shi a gabanki, damƙi garin zarton: in ya dunƙule kamar garin da aka yayyafa wa ruwa, bai bushe ba. Wadda ta fi duka tabbas kuwa ita ce ta sikeli. Ki karɓi guntu ɗaya, ki kai wa mai sikeli ya auna, ki rubuta a bayan littafinki na asusu. Bayan sati ki sake aunawa. Muddin nauyin yana raguwa, ruwa ne ke fita. Ranar da ya tsaya, katako ya isa aiki.

Ni yanzu ba na ba kafinta kuɗi ya sayo. Ni ke sayen falankaina, in jera su a zaure, ba a rana ba don rana tsaga su take yi, in ɗaga su daga ƙasa a kan bulo, in sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu iska ta riƙa ratsawa, in danne saman da dutse. Sai sun sha hunturu sannan a taɓa su. Wannan yana da alaƙa da lokacin karɓar bashi, ku riƙe shi da kyau. In kina da hali, sayi katakon da kuɗin rabon ƙarshen shekara ko na amfanin gona, ki ajiye. Bashin ki karɓe shi daga baya don kuɗin aiki, yadda teburin zai fara kawo kuɗi tun satin da bashin ya fara ƙirga kwana.

To sai irin katakon. Farin katako mara nauyi, irin su obeche da maje, shi ne mai arha, kuma shi aka yi mini aiki da shi. Farce ma yana shiga jikinsa, yana shan manja kamar tsumma, ƙwari kuma suna son sa. In kin ga 'yan ƙananan ramuka kamar na allura da gari yana zubowa, sun riga sun shiga, kada ki saya ko a kyauta. Malaina ta fi su. Ba ta da nauyi, in ta bushe ba ta cika motsi ba, sai dai tana da jinkirin bushewa, kuma gara ba ta jin tsoronta. Darbejiya, wato dogon yaro, in an samu babba aka tsaga ta da kyau, tana yin tebur, ƙwari ba su cika damunta ba, ga ta kusa da mu. Turare kuwa ku bar shi a rufin rumfa, murɗewa yake yi ya tsage.

Manyan su ne madaci, wanda 'yan katako ke ce wa mahogani, da iroko, da tik, da kawo. Iroko da tik suna jure ruwa, mu kuwa sana'armu wanka muke yi wa tebur safe da yamma. Kawo nauyi gare shi kamar dutse, gara ma haƙura take yi, amma in kullum sai kin shigar da tebur ɗaki da dare, ki tuna da bayanki da na yaranki. Ko a cikin waɗannan, jan tsakiyar itacen shi ne mai ƙarko. Farin da ke gefe, kusa da ɓawo, ƙwari na cin sa kamar kowane farin katako. In falanki rabinsa ja rabinsa fari, kada a karɓi kuɗin ja a hannunki. Kuma a kula, akwai masu shafa wa farin katako jan kala su ce madaci ne. Ki ce a kankare gefe da wuƙa a gabanki.

Za a iya yi miki tallan madobiya, wadda a Taraba ake ce wa madrid. Kyakkyawa ce ba ƙarya. Amma an sare ta an yi ta lodi zuwa ƙasar Sin har ta yi ƙaranci, shi ya sa tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido. Ga tsada, ga kuma ganyenta da dabbobinmu ke ci da rani. Teburin tuwo bai kai a kayar da madobiya saboda shi ba.

Akwai kuma katakon kamfani. MDF garin katako ne aka matse da gam. A ofis yana da kyau, amma in ruwa ya shige shi kumbura yake yi kamar burodi a shayi, kuma ba ya komawa. Filawud mai kauri da aka manna wa fomika yana da sauƙin gogewa, na yarda, kuma ba ya buɗe baki da hunturu. Lalacewarsa daga gefe take farawa, in fomikar ta ɗago ruwa ya shiga. Wadda za ta yi shi ta sa a kewaye gefen da siririn katako.

In kuɗinki bai kai ba, ga dabara: ki zuba kuɗin a saman tebur, nan ne kwano ke zama, nan ne idon mai ci yake. Ƙafafu a yi su da katako mai sauƙi, ko mai walda ya yi na ƙarfe, a ɗora.

Wurin aikin kuma, ki faɗa wa kafinta abin da kike so, kada kunya ta hana ki, kuɗinki ne. Kaurin falanki kada ya gaza inci 1. Falanki mai faɗin inci 12 ya fi saurin lanƙwashewa, gara a raba shi biyu, inci 6-6, a haɗa da gam. Ku dubi bakin falanki inda zarto ya yanke, za ku ga layuka masu lanƙwasa kamar bakan gizo. A jera su ɗaya bakan na kallon sama, na kusa da shi na kallon ƙasa, don in wannan ya ja nan, wancan ya ja can, teburin ya zauna daidai. A sa katako biyu ko uku a gicciye ta ƙasa. Ƙusa kada kanta ya fito a sama, tsatsa take yi ta baƙanta wurin, ta kuma yaga hannun riga. A kashe kaifin kusurwa saboda yara. Tsayin tebur ƙafa 2 da rabi, benci ƙafa 1 da rabi, kowane mai ci a ba shi wajen ƙafa 2, don mai cin tuwo da hannu yana buɗe gwiwar hannu. Tebur mai tsawon ƙafa 6 zai ɗauki mutum uku a kowane gefe. Banish kuma a shafa sama da ƙasa da bakin falankan duka. Nawa na farko sama kaɗai aka shafa, ƙasa na shan iska sama ba ya sha, wannan ma ya taimaka wurin lanƙwashewar.

Yanzu ga wadda ta fi duka nauyi, don ita ta shafi rai. Wasu kafintoci suna shafa wa katako baƙin mai na mota, ko su gauraya fiya-fiya da kananzir, wai maganin gara. A ƙafar tebur da ke taɓa ƙasa, baƙin mai da sauƙi. A saman tebur kuwa, a'a, ko kusa. Mutanenmu da hannu suke ci, loma ta faɗi yaro ya ɗauka ya kai baki. Haka tsohon katakon da ba ki san abin da aka taɓa ɗorawa a kai ba, ko akwatin maganin feshi ne, ko tsohuwar ƙofa mai fenti yana ɓarewa. Ki shinshina katako kafin ki saya, in ya yi warin magani ki bar shi. Maganin gara na gaskiya shi ne kada ƙafar tebur ta kwana a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ki ɗora ta a kan dutse ko siminti, ki riƙa matsar da teburin kina sharewa.

Masu shimfiɗa leda a kai, ba laifi, amma ku riƙa ɗage ta kullum da dare. Ruwa na kwanciya a ƙarƙashinta, sama tsaf, ƙasa ruɓa da wari. Tukunya mai zafi kuma kada ta sauka a kan banish sai da faifai ko guntun katako. Wanki da sabulu, a bi da busasshen tsumma, kada a bar ruwa ya kwana.

Sai maganar biya. Ku yi ciniki a gaban shaida, magatakarda ta rubuta irin katakon da kaurinsa da ranar kawowa. Kada ki biya duka sai kaya sun zo kin duba: ki ɗora kwano da ruwa ki ga ko ya zauna, ki kwanta ki leƙa ƙasan teburin. Wadda ba ta fita, ta ba maigida ko ɗanta guntun irin katakon da take so ya tafi da shi kasuwa a aljihu, don in baki ya manta suna, hannu ba zai manta nauyi ba. In ku uku ko huɗu ne ke son tebur, ku haɗa kuɗi ku saya tare, kuɗin mota ɗaya ne, kuma mai katako ya fi sauraron mai sayen falanki goma a kan mai sayen biyu.

Teburina na biyu iroko ne a sama, ƙafafun ƙarfe. Ya kusa ninka na farko a kuɗi, sai da na jira zagaye guda kafin in iya. Shi ne har yau a rumfata, sau ɗaya aka goge shi aka sake banish.

Ga guntaye uku na zo da su a jaka. Wannan farin daga teburina na farko ne, na ajiye shi da gangan. Wannan malaina ce, wannan iroko. Inna, fara daga wurinki, ki ɗaga ki ƙwanƙwasa ki miƙa wa ta kusa da ke. Wadda ke da niyyar neman bashin tebur a wannan zagayen ta tsaya bayan an rufe akwati, mu ƙirga watanni tare mu ga ko katakonta zai sha hunturu.