Littafin Lissafi Shi Ne Shaidar Ɗan Kasuwa

Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa 'yan kasuwa, barkanmu da zagayowar wannan rana. Allah ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan ƙungiya, ya ƙara haɗa kanmu.

An ba ofishin magatakarda 'yan mintoci, za mu yi amfani da su a kan maganar lissafi. Da yawa cikinmu in suka ji ana zancen dokar lissafin kamfanoni sai su ce wannan ta masu banki ce. To, ta shafe su, mu ma ta shafe mu.

Togo tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, tare da Benin da Nijar da Burkina Faso. A ranar 26 ga Janairu 2017 aka amince da sabuwar dokar lissafi a Barazabil, wadda ake kira SYSCOHADA da aka gyara, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a kuma an ɗora musu ƙarin nauyi: daga 2019 sai sun fitar da rahoto bisa ƙa'idar duniya ta IFRS. Biyu daga cikinsu a nan Lome hedikwatarsu take, wato Ecobank da Oragroup, dukansu suna kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan. Ghana da Najeriya ba sa cikin OHADA, amma sun riga mu ɗaukar IFRS, Ghana a 2007, Najeriya a 2012.

Ina ruwanmu da wannan? Bankin da aka tilasta wa bayyana kowane bashi da ya bayar, da ƙiyasin wanda zai iya salwanta, ba zai ba mu rance a kan cewa an san mu a Zango ba. Zai nemi takarda. Haka ma OTR idan aka zo maganar lampo: wanda ba shi da littafi ba shi da abin da zai kare kansa in an yanka masa fiye da ƙarfinsa.

Dokar ba ta ce mu yi lissafi irin na banki ba. Ta ware wa ƙananan 'yan kasuwa hanya mai sauƙi da ake kira SMT. Mai saye da sayarwa da cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba yana cikinta. Mai sana'ar hannu miliyan 40, mai aikin hidima miliyan 30. Abin da ake so shi ne a rubuta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Ƙarshen Disamba kuma a ƙidaya kayan da suka rage, da bashin da ake binmu, da wanda muke bi. Wanda cinikinsa ya wuce wannan iyaka, lokaci ya yi da zai nemi ƙwararren akanta.

Mu masu tsallaka iyaka muna da ƙarin aiki. Daga Nyékonakpoè zuwa Aflao tafiyar ƙafa ce, amma can sidi ake ci. Mu bi ta Hilakonji zuwa Seme, mu koma naira. Littafinmu kuwa da sefa ake rubuta shi. Saboda haka duk kayan da muka saya da naira ko sidi, mu rubuta canjin ranar a gefensa. Waɗanda suke da bashi a Legas lokacin da naira ta faɗi a Yunin 2023 sun san abin da muke nufi. In ba a rubuta canji ba, mutum sai ya ci uwar kuɗi yana zaton riba ce.

Muna roƙon abu uku. Mu raba kuɗin cefane da kuɗin kasuwa. Mu ajiye rasit da takardun duwan, domin doka ta ce a adana su shekara 10. Sannan duk bashi da ajiya a rubuta da kwanan wata da shaidu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun sha zaman sulhu a kan dukiyar mamaci, marayu na gefe, abokan ciniki na gefe, kowa da rantsuwarsa, babu mai takarda.

Wanda rubutun Faransanci yake ba shi wahala ya zo ofis da rasit ɗinsa, mu zauna tare mu buɗe masa littafi. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya tsare mu a hanya.